Yadda ɗan Daura zai nemi digiri na uku a ilimin ƙwayoyin halitta

Kafin ka sayi fom, samo tambayar da za ka bincika. Ba sai ka je nesa ba: ga ƙudujin da ke shaƙe gero a gonakin Baure da Sandamu, ga tsutsar da ke huda wake, ga sikila, ga zazzaɓin cizon sauron da ke ƙin jin magani. Ɗauki ɗaya ka matse shi a shafi biyu: me za ka auna, a jikin me, da wace na'ura.

Daga nan sai neman malamin da zai duba aikin, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Kada sunan jami'a ya ruɗe ka. Karanta abin da malamin ya wallafa kwanan nan, ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa mai nuna ka karanta ɗin. In ya amsa, shiga mota ka je ka ga ɗakin gwajinsa da idonka. Na'urar PCR tana aiki ko an lulluɓe ta da leda? In wuta ta ɗauke, me ke riƙe firiza? Ɗalibansa ne za su faɗa maka gaskiya, amma sai bayan ya fita.

Wuraren nema kuwa, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai cibiyar ACENTDFB mai binciken cututtukan da aka yi watsi da su, akwai kuma cibiyar aikin gona ta Samaru, wadda ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a 2019. Jami'ar Bayero tana da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ta Ɗanfodiyo a Sakkwato tana da cibiyar CAMRET. A Ghana kuwa, cibiyar WACCBIP na karɓar ɗalibai daga duk Afirka ta Yamma.

Takardar makin digirinka na biyu, fara bin ta tun yau. Tana iya cin watanni. Haɗa ta da shaidar bautar ƙasa.

Sai kuɗi, domin sinadaran gwaji da farashin dala suke tafiya. Malamin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, ko na Kwalejin Yusuf Bala Usman, ya nemi tallafin TETFund ta makarantarsa. Wanda ba ya koyarwa ya gwada DAAD ta Jamus ko TWAS. 

In bincikenka na buƙatar jini, kada ka ɗebi jinin kowa sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar mai jinin, kuma ka fara gaida dagaci. Ranar ɗiba, tanadi kula mai ƙanƙara tun asuba, don zafin Afrilu zai iya lalata samfur kafin motar ta wuce Kazaure.