Darasi: Tsohuwar Waya, Ajiyar Ranar Buƙata

'Yan'uwana mata, kafin mu buɗe akwatin zubi yau, bari in ba ku labari. Wata damina maigidanmu ya tafi Kano aikin gini da wayarsa. Cikin dare naƙuda ta kama matar ƙaninsa, jini ya ɓalle, ga ruwa ana tsugawa. Na lalubo tsohuwar wayata mai tocila a ƙasan adaka, na danna, shiru. Batir ya mutu tun tuni. Sai da yaro ya taka har bakin titin Bagwai neman mai mota. Allah ya kiyaye, ta rayu, amma na sha alwashin ba zan ƙara barin wayar nan ta mutu ba.

Riƙe waya don ranar buƙata ba ya cin kuɗin kati kullum. Amsa kira kyauta ne. Lambar gaggawa ta ƙasa, 112, ita ma kyauta ce ko babu ko sisi a layinki, in dai akwai sabis. Sauran sai kula da abu huɗu.

1. Kada layi ya mutu. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC, layin da ya yi wata 6 ba a yi amfani da shi ba ana iya rufe shi, in ya daɗe a haka a ba wani lambar. In da ita kika buɗe asusun banki, saƙon kuɗinki zai riƙa zuwa hannun baƙo. Ni ranar taron farko na kowane wata nake kiran 'yata na minti ɗaya, shi ke nan. Ki tabbatar kuma an haɗa layin da lambarki ta NIN, in ba haka ba za a toshe shi.

2. Caji. Ki kai wa mai caji sau ɗaya a mako, ko ki jona a fitilar sola. Kada ki bar ta a rana ko kusa da murhu. Batirin da ya kumbura a cire shi, yana iya kamawa da wuta.

3. Lambobi. Ki sa yaro ya adana miki lambar mai babur ko mai mota na kusa, ma'aikaciyar asibiti, ungozoma, mai unguwa da shugabar ƙungiya. A rubuta su a takarda kuma, a ajiye tare da wayar cikin roba mai murfi saboda danshi.

4. Ɗan kati na ajiya. Ki bar kaɗan a ciki, kada yara su ƙarar. *310# na nuna abin da ya rage. In ta kama dole, *303# na ba da bashin kati, sai dai za su cire da ƙari in kin loda.

Gargaɗi: duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, ki faɗa masa lambar sirrinki, ɓarawo ne. Ki kashe.

Tambayoyin tattaunawa:
Gida nawa ne a cikinmu ke kwana babu waya idan maigida ya yi tafiya?
Wa za ki fara kira da tsakar dare, kuma kina da lambarsa?
Za mu iya ware wani abu daga asusun taimakon juna don cajin waɗanda ba su da hali?

Aikin mako: kowacce ta zo da tsohuwar wayar gidansu taro mai zuwa, mu kunna mu gani tare.