Cimar Ma'aikacin Sa-kai a Asibitin Ƙauye

Wasiƙu uku ne a gabana yau, duka daga ma'aikatan lafiya, kuma duka a kan abin sawa a baki.

Ta farko daga Damagaram ta fito, daga wata malamar asibiti da ta ce a sakaya sunanta. Ta ce: "Zan tafi aikin sa-kai na wata uku a wani asibitin ƙauye a jihar Tawa, farkon damina. An ce mini babu wuta balle firji, kasuwa kuma sau ɗaya take ci a mako. Me zan riƙa ci, da me kuma zan tafi?"

To Malama, Allah ya ba da lada. Galibin asibitocin karkara ba sa dafa wa kowa abinci, ko marar lafiya ko ma'aikaci. Za ki tarar da masu jinya a gindin katanga, kowace da murhunta na duwatsu uku da 'yar tukunyarta, tana fifita wuta tana leƙen ɗakin da ɗanta ke kwance. Abin da garin ke ci, shi za ki ci: koko da ƙosai ko ɗumame da safe, fura ko shinkafa da wake da rana, tuwon gero da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa da dare. Nama sai ranar kasuwa.

Ki kuma lura da lokacin da za ki. Daga Yuni zuwa Satumba rumbuna sun yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, hatsi ya yi tsada, ga zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun cika gadaje. Aiki zai yi miki yawa daidai lokacin da cima ta yi ƙaranci. Saboda haka ki yi guzurin abin da ba ya lalacewa: wake, garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, daddawa, busasshen tumatir da man gyaɗa. Albasa kam ƙasarta za ki, don ta Galmi har Ghana ake kai ta. Damina kuma za ta ba ki zogale da rama da tafasa, sai kwaɗo.

Ruwa ne abin tsoro. Ki tafasa shi, ko ki jefa ƙwayar kulorin ki jira minti 30 kafin ki sha, da shi kuma za a dama miki fura. Ki tambayi mai nono ko tana dafa madara kafin ta kwantar da ita, domin ɗanyar madara na ɗauke da tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba cikin sanyi ba, don haka ki dafa daidai cikinki, ɗumame kuma sai ya yi tururi.

Sai wani ɗalibin aikin likita daga Katsina, wanda ya ce masu jinya kan aiko masa da kwanon tuwo, alhali ya san da ƙyar suke samu. Ya karɓa ko ya mayar?

Malam, mayar da kwano cin fuska ne, kuma wanda ka ƙi tuwonsa da wuya ya saki jiki ya gaya maka abin da ke damunsa. Ka karɓa, ku ci da mai gadi da masu shara, amma kada kwanon ya koma wayam. Ka sa sabulu ko sukari ko ɗan wake. Ka kuma faɗa musu a fili cewa da tuwo da babu tuwo, za a duba marar lafiyarsu, don kada wanda ba shi da abin kawowa ya ɗauka sai da shi ake samun kulawa.

Ta ƙarshe daga Maraɗi: "In yunwa ta kama ni a aikin dare, laifi ne in sha leda ɗaya ta Plumpy'Nut?"

Laifi ne, ɗan'uwa. A Faransa aka ƙirƙiro abin nan a 1996, da gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, kuma leda ɗaya mai giram 92 tana da kalori 500. A yunwar 2005, da shi ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar, akasarinsu a jiharku ta Maraɗi. Magani ne da ake ƙidaya wa yaro gwargwadon nauyinsa, duk ledar da ka sha rabon wani yaro ka ci. Amma ban ce ka zauna da yunwa ba, don da ruwan ciki akan ja na rijiya. Kafin ka karɓi aiki ka cika filas da kunun gyaɗa, ka sa dabino da soyayyar gyaɗa a aljihu.

Nan za mu dakata. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.