Tashin Hankali, Aikin Ƙarfi da Tsagewar Jijiyar Zuciya

A darasinmu na wannan mako mun ɗauko wani ciwon zuciya da ya saɓa wa abin da muka saba ji a aji. Mun san ciwon zuciya da dattawa, waɗanda kitse ya toshe wa jijiya. Wannan kuwa mata ya fi kamawa, har da masu jego waɗanda ba su da hawan jini ko ciwon suga.

Zuciya tana da jijiyoyinta na kanta da ke shayar da ita jini, kuma bangon kowace jijiya hawa uku ne. Wani lokaci hawan ciki yakan tsage, ko jini ya tsiyaya a tsakanin hawa da hawa ya taru. Jinin da ya taru sai ya matse hanyar, kamar an taka tiyon ban-ruwa. Naman zuciyar da ke gaba ya rasa jini, ya fara mutuwa. Tun a 1931 wani likita mai suna Harold Pretty ya fara bayyana ciwon, a jikin wata mata mai shekara 42.

Ina ruwan damuwa da wannan? Idan mutum ya firgita ko aka yi masa rasuwa, jiki kan saki sinadarin adiranalin, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau farat ɗaya. Haka ma idan ya riƙe numfashi ya yunƙura don ɗaga kaya, ko a lokacin naƙuda. Jijiya mai rauni ba ta jure wannan bugu. A wani bincike da aka buga a 2019 kan majinyata 750 a Arewacin Amurka, kusan kashi 90 cikin 100 mata ne. Rabinsu sun shiga tashin hankali kafin ciwon, kusan kashi 29 kuma sun yi aikin ƙarfi.

Mu dubi gidajenmu a Tambuwal da Kebbe. Mace ta haihu, ba ta yi arba'in ba ta koma daka da jan guga da ɗaukar buhu, ga rashin barci. Idan ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, sai a ce gajiya ce, ta sha kunu ta kwanta. A ganinmu wannan amsa ita ce haɗarin.

Ciwon ƙirji mai matsewa da ke tafiya zuwa hannu, wuya ko muƙamuƙi, tare da gumi, haki ko amai, ba abin jira ba ne. A kai ta asibiti nan take, a gaya wa likita yaushe ta haihu da abin da take yi lokacin da ya fara. Gwajin bugun zuciya da na jini su ne matakin farko, daga nan ana iya tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Mafi yawan irin wannan tsaga takan haɗe da kanta cikin makonni, da magani da hutu a ƙarƙashin kulawar likita, amma kwanakin farko ne take iya ƙaruwa, shi ya sa ake riƙe majinyaciya a gado ana lura da ita.