Haya ta koma jingina a kan maɓalli ɗaya

Wata dattijuwa ta shigo shagona a Kura ana gab da faɗuwar damina, da takarda a naɗe cikin leda. Ta ce, "Ɗan nan, karanta min wannan, an ce ni na sa hannu." Na ce, "To Inna, zauna." Ban kai layi na huɗu ba gabana ya faɗi.

Gonar marayun ɗanta ce, eka ɗaya da rabi a ɓangaren Bunkure, cikin filayen da ke shan ruwan Tiga. Ta ba wani haya ta rani ɗaya ya yi tumatir, da sharaɗin ya sakar mata kafin damina ta dasa shinkafa. Haka suka yi magana gaban shaidu biyu. Suka je wani shago aka buga, ta dangwala yatsa, kowa ya kama gabansa. Da tumatir ya ƙare ta aika a gaya masa za ta shiga gona, sai ya ce a kawo masa kuɗinsa tukuna. Wane kuɗi? Ya fito da takarda. Abin da ke ciki jingina ce: gona na hannunsa har ranar da aka mayar masa da abin da ya bayar. Kuɗin kuwa tuni marayu sun ci, an biya na makaranta, an sayi magani.

Shekaruna da yawa ina buga takardun manoma, don haka na je shagon da kaina. Mai shagon mutumin kirki ne, ya buɗe min kwamfutar. A da yana da gajerun hanyoyinsa da ya saba da su: hy ta fito da sakin layin haya, jg ta fito da na jingina. Sai wani yaro mai yawo da filasha ya zo ya ce Word ɗinsa ya tsufa, ya ɗora masa sabo. Bai ajiye Normal.dotm ba, bai ma san da zamansa ba, balle fayil ɗin AutoCorrect. Da mai shago ya yi ƙorafi komai ya ɓace, sai mai filashan ya kwaso masa na wani shagon ya zuba. A can an sa wa rubutun suna yarj1 da yarj2. Yaron shago ya buga ɗaya, AutoText ta leƙo, ya danna Enter, ya cike suna da kwanan wata, ya fitar. Bai karanta ba. Ba wanda ya karanta wa tsohuwar nan ko layi ɗaya!

Wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai. Manhaja ta yi abin da aka sa ta. Mutum ne ya karɓi kuɗin bugu bai duba abin da ya buga ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma marubucin ma an ɗora masa nauyin adalci. Mu ne marubutan nan a yau, ko mun sani ko ba mu sani ba.

An kai magana gaban dagaci. Shaidu suka faɗi gaskiya, mutumin ya yi ta jan ƙafa yana kaɗa takarda, daga baya ya saki. Amma kafin nan irin da ta yafa ya tsufa a bedi, maƙwabta sun gama dashe. Damina guda ta wuce marayu.

'Yan uwa masu shago, daga Kura har Kadawa da Garun Malam, ku ji da kyau. Duk wanda zai taɓa muku Word, ku kwafe Normal.dotm da fayil ɗin .acl na AutoCorrect ku ajiye a gefe kafin ya zauna. In ya tambaye ku mene ne su, ku karɓe linzamin daga hannunsa. Kada ku karɓi gajerun hanyoyin wani shago. Naku ma ku sa musu sunan da ba za su rikice ba: haya ta zama haya, jingina ta zama jingina, sayarwa ta zama sayarwa. Ba 1 da 2 ba.

Masu Microsoft 365, tun 2021 akwai hasashen rubutu, wannan mai launin toka da ke gudu gaban yatsa, Tab ɗaya ya shige. A wasiƙar neman aiki ba laifi. A takardar gona ku kashe shi.

Sai ƙugiya. Bayan sabuntawa maɓallan da kuka ɗaura wa ƙ da ɗ da ɓ sukan tafi, yara kuma ba su damu ba. Na ga takardar da iyakar gona ta tashi daga gaɓa ta koma gaba. Wa zai raba wannan rigima bayan shekara goma, shaidu sun rasu? Eka da hekta kuma ku rubuta su cikakku, hekta ta kusa eka biyu da rabi. Ku lura da (c) da ke rikiɗa ta zama ©.

Ku karanta. Na sake faɗa, ku karanta da ƙarfi, da Hausa, gaban mai gona da mai karɓa da shaidu, kafin tawada ta taɓa yatsan kowa.

Ku ma manoma kuna da naku. Mutum ya shigo yana "yi sauri, yau ranar ruwanmu ce", ko "motar Kwanar Gafan na jirana", ya fizge takarda tana da ɗumi ya fita. A shagona yanzu ba na miƙa takardar gona sai an zauna an saurara, wanda yake sauri ya dawo bayan la'asar. Inna kuwa na sake buga mata sabuwa ta ranin bana, na karanta mata sau biyu, jikanta ya karanta na uku.