Darasi: Katin CMU Da Wanda Ya Cancanci Na Kyauta

Darasinmu na wannan fitowa a kan katin asibiti ne na ƙasar Kwaddibuwa, wanda ake kira CMU, saboda tambaya ta yi yawa a Bromakote, Adjamé da Treichville.

An kafa dokarsa a 2014, aka fara aiki da shi gadan-gadan a 2019, kuma hukumar CNAM ke riƙe da shi. Dokar ta hau kan duk mai zaune a ƙasar, ɗan ƙasa ne ko baƙo. To amma ku sani, kashi 2 ne.

Na farko, na mai hali. Kowane mutum zai zuba sefa 1,000 a wata, wato jika guda. In ciwo ya zo, a cututtukan da tsarin ya ƙunsa, hukuma ta ɗauki kashi 70 cikin 100, shi ya cika 30.

Na biyu, na marar hali, wanda gwamnati ke biya masa. Wannan ba da baki ake shigarsa ba. Sai ma'aikata sun zo gida sun bincika: mutum nawa ake ciyarwa, mene ne abin shiga, wane irin ɗaki ake kwana. Sannan a sa suna cikin masu buƙata.

Nan ne muke jan kunnen juna. Wanda ya mallaki shanu 30, shekara ta zagayo, zakka ce ta hau kansa. Yaya mai fidda zakka zai tsaya layin miskinai? In ya ɓoye dukiyarsa aka rubuta shi, haƙƙin wata gwauruwa mai marayu ya ci.

Aikinmu shi ne mu tsaya wa masu buƙatar gaske: tsofaffin 'yan koren shanu da ƙarfi ya ƙare musu, da iyalan abokanmu da suka rasu. Mu raka su yin rajista, kowa da takardar shaidarsa, baƙo da katinsa na konsila. A duba suna da kyau. Wanda yake Mamman a takarda guda, Mahamadou a wata, zai sha zirga-zirga. Kuma yin rajista kyauta ne, kada a ba ɗan tsakani ko dala.

Allah ya ba mu lafiya, ya tsare mu da cin haƙƙin wani, amin.