DARASIN WANNAN FITOWA: AMANAR DABBAR GIDA DA HUKUNCIN RIƘON KARE

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin dukkan mai rai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, mu mutanen Dakoro makiyaya ne da manoma, ba mu rabuwa da dabba. Amma sau da yawa idan fari ya ci garke, kamar yadda ya auku a 1973 da 1984, iyali kan baro daji su shigo gari, a watsar da karen da ya yi shekaru yana gadi, yara su bi shi da jifa. Me shari'a ta ce game da wannan?

Mas'ala ta farko: dabba amana ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba har ta mutu. Sun kuma ruwaito cewa an gafarta wa wani mutum domin ya ɗebo ruwan rijiya da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Saboda haka wanda ya gaza ciyar da dabbarsa, to ya nema mata hannun da zai iya riƙonta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fulanin kwarin Tarka suna da habbanaye: mai shanu ya ba wanda ya rasa aron karsana, ya sha nononta, ya riƙe abin da ta haifa, daga baya ya mayar da uwar. A Sunna ana kiran irin wannan maniha, kuma Bukhari ya ruwaito cewa aron akuyar tatsa shi ne mafi ɗaukaka cikin wasu halaye 40 na alheri. Kare da kyanwa ma a nema musu gida, kada a jefar da su a bakin kasuwa.

Mas'ala ta biyu: riƙon kare. Hadisi ya halatta shi domin farauta da kiwo da tsaron gona. Wanda ya riƙe shi ba don haka ba, ladarsa na raguwa kullum. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau 7 bin umarni ne kawai. Masu sharhin Risala sun kawo cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 Hijira, ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Ke nan hukunci yana tafiya da buƙata.

Mas'ala ta uku: kare wajen jinya. Tun 1929 aka buɗe makarantar horar da karnuka masu yi wa makafi jagora a Amurka. A 1962 kuma wani masanin halayyar yara, Boris Levinson, ya bayyana yadda yaran da ba su sakin jiki da kowa suka soma magana idan karensa na kusa. Yau asibitoci da gidajen tsofaffi a ƙasashe da dama suna amfani da horarrun karnuka don kwantar wa majinyata hankali. Fahimtarmu ita ce, inda likita amintacce ya tabbatar da buƙata, ana iya ƙiyasta wannan da kiwo da farauta, muddin aka keɓe wa karen wurinsa. Riƙo don ado da alfahari kuwa bai shiga ciki ba.

Mas'ala ta huɗu: kada riƙonmu ya cuci maƙwabci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Mai kare ya kai shi wurin jami'an kiwo a yi masa rigakafi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, domin idan alamun ciwon suka bayyana, da wuya a tsira.

Allah Ya sanya mu cikin masu jinƙan halittunsa, Ya ji ƙanmu ranar da za a tambayi kowa abin da aka ba shi kiwo. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.