Filogi da Yadda Ake Ƙera Bakinsa Don Ya Daɗe

Tun shekarar 1975 da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna, unguwar nan ta saba da ƙarar inji. Daga nan 504 ta riƙa fita tana cika hanyoyin Najeriya. Yau kuwa ga babur, ga keke Napep, ga janareta a ƙofar kusan kowane shago. Duk injin da ke shan fetur a cikinsu yana da filogi. Injin dizal ne kawai ba ya buƙatarsa, domin matsin iska ke kunna masa mai.

Aikin filogi ɗaya ne: ya ba da tartsatsin wuta a kan fistin, fetur da iska su kama. Ɗauki tsohon filogi ka dubi bakinsa. Za ka ga tsinke a tsakiya, farin tangaran ya kewaye shi. Za ka kuma ga wani ƙarfe ya lanƙwaso kansa kamar ƙugiya. Tsakanin tsinken da ƙugiyar akwai 'yar rata, yawanci daga milimita 0.6 zuwa 1.1. Kwayil yakan turo wuta mai ƙarfin bolt 20,000 ko fiye, sai ta tsallake ratar nan. Idan injin mota yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, kowane filogi yana tartsatsi sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Kowane tartsatsi kuma yana ɗan gutsurar ƙarfen, ga zafin ƙuna da ke wuce digiri 2,000 a cikin injin.

Shi ya sa baki ke cinyewa. Kaifin tsinken ya tafi, ya zama mulmulalle, rata ta buɗe. Wuta ta fi son tashi daga wuri mai kaifi, don haka mulmulallen baki yana neman ƙarin ƙarfi daga kwayil. Sai ka ji kanikawa suna cewa mota tana misin, ko babur ya ƙi tashi da safe, mai kuma yana tafiya a banza.

Tun 1902, lokacin da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da filoginsa, maƙera ke fama da tambaya guda: wane ƙarfe ne zai jure? Jan ƙarfe yana kwashe zafi da sauri, amma yana narkewa a digiri 1,085. Nikel ya fi shi juriya, sai a 1,455 yake narkewa, amma yana riƙe zafi. Sai aka haɗa su. A masana'anta ana cusa guntun jan ƙarfe cikin ɗan ƙoƙon nikel, a matse su da inji mai ƙarfi ba tare da an narkar da su ba, har su miƙe su zama tsinke ɗaya. Dubi fensirin da ke hannunka: baƙi a ciki, katako a waje. Haka tsinken yake, nikel yana fuskantar wuta, jan ƙarfe yana janye zafi zuwa jikin inji. Wannan shi ne filogin da aka fi sani a shagunanmu, yakan yi kilomita 20,000 zuwa 30,000.

Daga baya aka koma ga ƙarafa masu tsada. Filatinam yana narkewa a digiri 1,768, iridiyam kuwa sai a 2,446. Akasarin iridiyam daga ma'adinan Afirka ta Kudu yake fitowa, kuma abin da duniya ke samu a shekara bai kai tan 10 ba. Ba wanda zai yi tsinke sukutum da shi. Ɗan mitsitsi ake yankawa a ɗora a kan bakin tsinken. To, a nan gwanintar take. Iridiyam yana da gautsi, kuma idan ya yi zafi ba ya buɗewa daidai da nikel. In an manna shi sama-sama, zafi da sanyi za su yi ta jan mahaɗar har ya ɓalle. Saboda haka ake yi masa walda da hasken leza, a bi gefensa a kewaye, ƙarafan biyu su narke su cakuɗa a mahaɗa. Akan kuma gauraya iridiyam da ɗan rodiyam don kada zafi da iska su riƙa cin sa. Kamfanonin Japan sun yi nisa a wannan aiki: bakin filogin NGK yakan zo da kaurin milimita 0.6, na Denso har 0.4. Siririn baki yana ba da wuta da sauƙi, ga shi kuma yana iya kai kilomita 100,000.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake lalata wannan aiki cikin minti biyu. Oga ya ce wa yaronsa, "Kai, goge filogin nan." Yaro ya ce, "To, Oga," ya ɗauko samfefa ya hau dirza, ko ya jefa shi a wuta, sannan ya buga ƙugiyar a kan dutse yana auna rata da ido. Filogin nikel yana iya jure ɗan gogewa da buroshi. Na iridiyam ba ya jurewa: a kankare bakin, ko a danna shi da sukundireba, an zubar da kuɗin da aka biya. Rata kuma da ma'auni ake gwada ta, siraran faifan ƙarfen nan masu lamba, kuma ƙugiya kaɗai ake lanƙwasawa.

Akwai jabu a kasuwa, cikin kwali mai kama da na gaske. Bakinsa ƙarfen banza ne, yana iya narkewa ya faɗa kan fistin. Idan an ce maka iridiyam ne amma farashinsa bai fi na nikel ba, ajiye shi. Dubi rubutun da ke jikin tangaran, kada ya zama mai gogewa da yatsa, ka kuma nemi lambar da littafin injinka ya faɗa.

A ganina, mai tsohuwar 504 ko ƙaramin janareta ba dole ne ya sayi iridiyam ba. Filogin nikel na gaske mai lambar da ta dace ya ishe shi. Tsadar filogi ba ta gyara injin da ke shan baƙin mai. Launin baki ne zai gaya maka: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ce, baƙin toka busasshe yana nuna fetur ya yi yawa ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, jiƙaƙƙen mai kuwa a duba ringi.

Kafin darasi na gaba, kowa ya samo tsohon filogi ɗaya. Ya kwafi haruffa da lambobin da ke jikinsa a littafinsa, ya rubuta launin bakinsa a ƙasa, mu karanta su tare a aji.